Jan Salatif a Bayan Kwamfutar Babanki

Hafsa, yanzu shekarunki shida, ba ki iya karanta wannan ba tukuna. Amma kin fara jin labarin a tsakar gida, kuma yadda ake ba da shi ba haka ya faru ba. Cewa ake yi Anti Rabi, wadda ba ta iya ɗaga ido ta kalli baƙo, ta kama hannun namiji a tsakiyar kasuwar Kejetia, ta yi wa kawunta tsawa a gaban jama'a saboda wasan yara. Hannu kam na kama. Tsawa ban yi ba, muryata ce ta fita da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Sauran shi ne nake son in rubuta miki a littafin nan tun ina tuna komai, har da rigar da Kawu Idi ya sa ran nan, shuɗiya mai ɗinkin fari a wuya.

Babanki, yayana Bashir, a rumfar albasar Kawu Idi yake aiki tun rasuwar mahaifinmu. Kwamfutarsa ba a shago ya saye ta ɗungurungum ba, haɗa ta ya yi da kansa daga tsofaffin kaya, yau ya shigo da fanka a aljihu, wani makon ya shigo da wani ƙarfe a naɗe cikin jarida. Tana ɗakinsa a kan teburin da ƙafarsa ɗaya ba ta kai ƙasa, an tokare ta da murfin gwangwanin madara. Bayan la'asar in ya dawo ya yi wanka, warin albasar bai gama barinsa ba, sai ya zauna. Ni kuma ina kan tabarma a bakin ƙofa da littattafan makaranta, don ɗakinsa ya fi namu haske. Ba ya kora ta, ba ya kuma yi mini magana sosai. Ina jin mantawa yake ina wurin. Kowa a gidan haka yake mantawa da ni, kuma a lokacin hakan ya fi mini daɗi.

Wasannin da ke ciki suna da yawa, amma ɗaya ne nasa na gaske. Wasa ne da ake gina gari, a kafa bango, a fitar da lungu, a dasa itace, sannan mutum ya sauko ya yi yawo a ciki kamar da ƙafarsa. Wasu manyan birane suke ginawa. Shi layinmu na unguwar Zango ya gina. Ya sa kwatar da ta ratsa ƙofar gidanmu da katakon da aka gitta a kanta, ya sa tankin alwala na masallaci, da teburin mai wake da shinkafa, da shuɗiyar ƙofar da fentinta ya ɓare daga ƙasa. Shekara uku yana wannan aikin. Da aka haife ki sai ya ƙara abin da babu shi a gidan gaske: ya ɗora ɗaki a saman namu, taga tana kallon masallaci. Ya ce naki ne.

Duk wasannin ta wani shago na intanet ya saye su. Ba shago ba ne mai ƙofa, manhaja ce a cikin kwamfutar, kuma ta cikinta kowane wasa yake buɗewa, bayan ta tabbatar kai ne mai akawun ɗin. Babanki yana bin labaran shagunan nan a wayarsa kamar yadda wasu suke bin ƙwallo, kuma mamanki ce take shan mitarsa, tana tsince wake a tire.

"Zainabu, kin ji abin da suka yi? Sun cire wasana daga shagon. Ba sa sayar da shi kuma."

"To ai ka riga ka saya, Malam Mai Gari."

"Na saya? In mace ta sayi albasa a rumfarmu, Kawu yana bin ta gida ya duba ko tukunyarta sabuwa ce kafin ta dafa?"

"Kawunka kam zai iya."

Ya yi dariya, amma bai daɗe yana yi ba. Ya ce shagon ya sanar ba zai ƙara aiki a kan tsohon tsarin kwamfuta irin nasa ba. Da zarar kwamfutar ta taɓa intanet, manhajar shagon za ta sabunta kanta ba tare da ta tambayi kowa ba, sabuwar kuma ba za ta buɗe a tsohon tsari ba. In ya koma sabon tsari, wasan ne ba ya tashi a kansa, waɗanda suka yi shi sun daɗe da watsewa, babu mai gyarawa. Ta ko'ina aka bi, garin ya rufe.

"Aro suka ba mu, suka kira shi ciniki," in ji shi.

Mamanki ta ce ya tashi ya karɓe ki, kin tsuma zaninta. Amma ni na ga abin da ya yi kafin ya tashi. Ya danna wani wuri ya sa shagon ya yi aiki ba tare da intanet ba. Ya zagaya bayan kwamfutar ya zare shuɗiyar wayar da ke haɗa ta da modem, ya naɗe ta ya jefa a saman kwaba. Sannan ya yanki jan salatif da haƙori ya toshe ramin da wayar ta fito, ya danna shi da babban yatsa sau uku. Bai yi wa kowa bayani ba. Bai san akwai wanda yake kallo ba.

Wata biyar bayan haka ya yi hatsari a kan babur a hanyar Atonsu. Ba zan rubuta wannan ranar ba, wasu za su ba ki ita.

Bayan addu'ar arba'in aka fito da kayansa kamar yadda ake yi. Aka wanke tufafinsa aka shanya, igiya biyu cike, aka bayar da wasu sadaka, aka raba sauran yadda malam ya faɗa. Kwamfutar ta faɗo wa Mma, kakarki, ita kuma ta ce a ba Rabi. Dalili kuwa, a shekarar ina ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, kuma malamarmu ta kwamfuta ta sa sunana cikin waɗanda za su zauna wata jarrabawa ta musamman. Wanda ya ci za a ɗauke shi makarantar kwana ta fasaha, a ɗauke masa komai. Manhajar da ake gwaji da ita a kan sabon tsari kaɗai take tashi. Kawu Idi, wanda tun da can yake kiran kwamfutar akwatin ɓata lokaci, ya ji wannan ya yi murna ƙwarai. Ya tsaya a tsakar gida ya ce:

"Alhamdulillahi. Abin da bai amfani mai shi ba zai amfani ƙanwarsa. Ran Asabar mu kai ta Kejetia a share shirmen da ke ciki, a sa na karatu."

Ran Litinin ya faɗi haka. Kwana biyar nake da su in buɗe baki, kuma ina so ki san ban buɗe ba. Na je wurin Mma ran Talata, na same ta riƙe da hular babanki tana shinshinawa, na juyo. Ran Laraba na shiga wurin mamanki, tana cikin takaba, ba ta fita ko ƙofar gida. Na ce, "Anti, game da kwamfutar Yaya," ta ɗaga mini hannu.

"Rabi, don Allah kada ki yi mini maganar akwatin nan. Ko ƙarar fankarta ba na son ji."

Kawu kuwa ban taɓa yi masa magana da ta wuce gaisuwa ba. In ya shigo gidan, har kajin Mma sukan koma gefe. Kuma akwai abin da ya fi wannan nauyi: ina son makarantar. Ina son ta sosai. Na riga na ga kaina da akwatin ƙarfe mai sunana a jiki. Wani ɓangare na zuciyata yana cewa in yi shiru kawai, ba ni ce zan share ba, ba wanda zai taɓa sanin na sani.

Ran Alhamis da na dawo daga makaranta na shiga ɗakin na kunna ta. Kalmar sirrin ban taɓa jin ta ba, amma na san tafiyar yatsunsa a kan kibod, na bi sawunsu, ta buɗe. Na sauka a layinmu. Na taka katakon kwata, na wuce tankin alwala, na hau matakalar da babu ita a gidan gaske. Ɗakinki bango huɗu ne da taga. Bai sa rufi ba. A tsakiyar ɗakin ya tara jajayen kwanukan rufin a jere, yana nufin ya dawo ya ɗora. Na daɗe ina kallonsu, har aka kira la'asar a masallacin gaske, na kashe.

Ran Asabar da hantsi muka sauka daga trotro, ƙaramar motar haya, a Kejetia. Kawu ya kira wata kayayo, cikin matan nan masu dako, ta sa kwamfutar a babban kwanonta ta ɗora a ka. Ina bayanta, idona a kan jan salatif ɗin, yana lilo sama da kawunan mutane. Muka ratsa masu takalma da masu atamfa, muka kai lungun masu gyara. Rumfar da Kawu ya nufa ta wani ce da ake kira Bra Kwaku, ƙato mai tabarau ɗaure da zare. Matattun kwamfutoci jibge har rufi, wurin yana warin dalma da aka ƙona. Hausarsa irin ta kasuwa ce.

"Alhaji, sannu da zuwa. Wannan yarinya naka ne? Ya yi sa'a. Inji yana da kyau, amma tsoho ne kamar ni."

"Share komai, ka sa sabon abu. Karatu za ta yi."

"Yoo, na ji. Bari in duba cikinsa tukuna."

Ya haɗa ta da sikirin ɗinsa, ya sa mata wuta, ya danna. Fankar ta ɗauka da ƙarar nan tata kamar mai gyaran murya. Sai ya juya bayanta, ya jawo wata shuɗiyar waya daga ƙarƙashin tebur, irin wadda babanki ya jefa saman kwaba. Ya ga salatif ɗin, ya yi tsaki kaɗan, ya sa farcen babban yatsa a ƙarƙashinsa. Na ga gefen ya ɗago. Na ga baƙin ramin ya fara bayyana. Wayar tana hannunsa na dama, tsakaninta da ramin bai kai tsawon cokali ba.

Ban yanke shawara ba, Hafsa. Na dai ga hannuna biyu a kan wuyan hannunsa.

"Ei! Sista, me na yi?"

"Kada ka sa wayar!"

Nan ne muryar ta fita. Mai sayar da caja a rumfar gaba ya juyo, wasu mata biyu suka tsaya. Mayafina ya zame ya sauka a kafaɗa, ban sake hannun ba balle in gyara.

"Rabi." Kawu bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi tsawa ban tsoro. "Sake hannun mutum."

"Sai ya ajiye wayar, Kawu."

Bra Kwaku ya buɗe yatsunsa, wayar ta faɗi a tebur. Na sake shi. Tunda na fara sai maganar ta riƙa zubowa a hargitse: shagon, sanarwar, tsohon tsari, sabon tsari, wasan da aka cire. Ƙasa nake kallo, takalmin Kawu nake yi wa bayani. Bra Kwaku ne ya fara ganewa. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"Alhaji, yarinya yana da gaskiya. Na ji wannan labari. Da na sa waya, minti biyu, shi ke nan." Ya turo mini kibod. "Buɗe mu gani."

Na buɗe. Layinmu ya fito a sikirin ɗin Bra Kwaku, wanda ya fi na gida girma sau biyu. Mai caja ya leƙo ya ce, "Kai, wannan ai Zango ne!" Bra Kwaku yana dariya yana cewa ya san teburin mai waken nan, ya taɓa ci a wurin. Kawu ya tsaya daga baya yana kallo. Na bi da mu ta lungu har ƙarshen layi, inda babanki ya ɗauko rumfar albasa daga kasuwa ya dasa ta kusa da gida, don a garinsa ba ya son tafiya mai nisa zuwa aiki. Ga buhuna, ga sikeli rataye, ga benci. A bakin rumfar wani ɗan mutum yana tsaye da farar hula, hannuwa a baya.

"Wane ne wannan?"

"Kai ne, Kawu."

Ya matso. Ya daɗe yana kallo, har na ji numfashinsa. Sannan ya miƙe ya tambayi Bra Kwaku ko ba za a iya yin duka biyun ba. Bra Kwaku ya girgiza kai. Ya ce sabon tsari ba zai zauna ba sai an canja babban allon da ke cikin kwamfutar, in kuwa aka canja, shagon zai ɗauka wata kwamfuta ce daban, zai nemi intanet, ya aika lambar shiga zuwa wayar mai akawun. Wayar babanki ta farfashe a hanyar Atonsu, layin ma an rufe shi. Ya ce zai iya kwafe mini ajiyar garin a filas, amma ba wasan da zai buɗe ta, zan riƙe ta ne kawai.

"Ko wannan, ko wancan, Alhaji. Ni ban yi dokar ba."

Kawu ya juyo gare ni. Ban taɓa ganin idonsa kusa haka ba, ja ne a gefe.

"Bashir ya tafi. Addu'a yake bukata, ba zane ba. Ke kina da rai, jarrabawarki saura wata biyu, kuma wata kwamfutar ba za ta faɗo daga sama ba. Kin ji ni?"

"Na ji, Kawu."

"To faɗa wa mutumin nan abin da zai yi."

Na san gaskiya ya faɗa. Har yau ban ce ƙarya ya yi ba. Na tuna akwatin ƙarfe mai sunana. Na tuna jajayen kwanukan da ke jere a tsakiyar ɗakinki, da ke kanki, kina gida a lokacin kina koyon kiran sunan mutumin da ba za ki tuna fuskarsa ba.

"A bar ta yadda take."

"To ɗauki kayanki," in ji Kawu. Ya gyara hularsa ya shige cikin jama'a, bai waiwayo ba.

Bra Kwaku ya kashe ta a hankali. Ya ɗauko baƙin salatif nasa zai toshe ramin, na roƙe shi ya mai da jan. Ya mai da shi, ya ɗora baƙin a gefe don ya riƙe. Ya yi mini gammo da tsohon tawul, ya ɗora mini ita a ka, ya ce in riƙa share mata ƙura, kuma in sani wata rana za ta mutu ko na yi mata me. Haka na ratsa Kejetia da ita har tashar mota. Kafin in kai gida labarin ya riga ni.

Jarrabawar ban ci ba. A makaranta kwamfutoci kaɗan ne masu sabon tsari, layi muke bi, kafin hannuna ya saba an ce in tashi. Ba zan ce da an share garin da na ci ba, Allah ne ya sani. Na dai san waɗanda suka ci suna da abin gwaji a gida. Na shiga sakandaren jeka-ka-dawo ta wajen unguwar Dichemso, inda nake gamawa bana. Mma ta yi mako ba ta kallo na, ta ce na kunyata ƙaninta a kasuwar da yake cin abinci. Kawu ya yi kusan shekara in na durƙusa na gaishe shi "lafiya" kawai yake cewa, yana kallon wani wuri. Mamanki kuwa sai ranar da ta fita takaba ta zo ɗakin. Ta shigo ta tsaya a bayana ina share ƙurar fanka, ta ce, "Kunna in gani." Ta kai minti ɗaya tana kallo ta fita da sauri.

Na gaji karanta labaran wasanni daga babanki, a wayar Mma nake bi. Kusan kullum akwai shagon da ya daina karɓar wani tsari, ko wasan da aka janye, kuma a ƙarƙashin labarin sai ki ga masu sabbin kwamfutoci suna cewa ai sai mutum ya sayi sabuwa. Ba na ƙin sabon abu, ni ma shi nake karanta. Abin da na ƙi shi ne a rubuta "saya" a kan maɓalli, mutum ya danna, alhali mukullin yana hannun mai shago. Akwai shagunan da suke ba ka wasan gaba ɗaya ka ajiye a wurinka, ba sa tambayar ko kai wane ne duk lokacin da za ka buɗe. In kin girma kina son wasa, irin waɗannan za ki nema. Kuma ki tambayi abin da ban ga shagon da yake son a tambaye shi ba: in mai akawun ya rasu, 'yarsa fa?

Da damina ta zagayo aka shiga ɗauke wuta ana maidowa da ƙarfi, har firijin maƙwabta ya ƙone. Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da kwali a ƙofar ɗakin, da sitabilaiza a ciki, irin wadda ke tare wa na'ura mugunyar wuta. Kwalin yana warin albasa. Kawu yana tsakar gida yana shan koko, bai kalle ni ba. Mma yake yi wa magana.

"Wutar garin nan ba ta da mutunci," ya ce, ya ci gaba da shan kokonsa.

Har yau bai ƙara cewa komai a kai ba, ni ma ban ce ba.

Kwamfutar tana tashi har yanzu, sai dai takan yi jinkiri, fankar kuma ta ƙara ƙara. Na ɗauki hoton kowane lungu da waya saboda maganar Bra Kwaku. Ban taɓa komai a garin ba, ban matsar da ko buhu ɗaya ba. Ɗakinki yana nan ba rufi, kwanukan suna jere inda ya bar su. Hannunki ya kusa isa riƙe maus, ina gwada shi da nawa in kina barcin rana. Ke za ki ɗora rufin. Amma kafin ki danna maɓallin kunnawa, ki zagaya baya ki duba salatif ɗin, ki danna shi da babban yatsa sau uku.